Makirufo a Hannun Talaka: Waiwaye kan Rediyo, Waƙa da Siyasa a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya kunna rediyo bayan sallar isha'i a Kano, ko Zariya, ko Maraɗi, ko Damagaram, abin da zai ji bai cika bambanta ba. Za a sa waƙar wani matashi da bai taɓa jin sunansa ba, can a sassauta ta, mai gabatarwa ya buɗe layi. Wani ya bugo ya ce taransifomar unguwarsu ta ƙone ba wanda ya leƙo su, wata ta ce asibitin garinsu ba ungozoma, wani kuma ya kira sunan kansila ya ce a gaya masa sun gaji da alkawari. Daga nan a koma kan waƙa. Mun saba da wannan tsari har wasu na zaton da shi rediyo ya zo. Ba haka aka faro ba. An yi kusan shekara hamsin rediyo na yi wa Bahaushe magana ba tare da Bahaushe ya sami damar mayar masa ba, kuma kafin makirufo ya sauko hannun talaka sai da aka rufe tashoshi, aka farfasa na'urori, aka ɗaure mutane.

A duk tsawon wannan tarihi waƙa da siyasa tare suka yi ta tafiya. Waƙa ce ke jawo kunne, siyasa ta biyo bayanta. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace muhimmanci a kowane zamani ita ce: wa ke zaɓen mawaƙin da za a sa, wa kuma ke zaɓen mai maganar da za a ji?

Zamanin lasifikar hukuma

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo rediyo Najeriya a shekarun 1930, ya iso Kano a shekarun 1940. Irin na wancan lokaci ta waya ake jawo shi. Ana kafa lasifika a ƙofar fada da bakin kasuwa da gidan waya, masu hali kuma su yi hayar akwati a maƙala musu a gida. Ba a murɗa shi a canza tasha. Abin da hukuma ta turo, yawanci shirye-shiryen BBC daga Landan da sanarwar En'e, shi za ka ji ko ka kashe.

A daidai wannan lokaci ne siyasar jam'iyyu ta kankama a Arewa. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma babban makaminta shi ne waƙa. Malam Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu sun rubuta waƙoƙin da suka zaburar da talakawa kan haraji da aikin tilas da zaluncin masu sarauta. Amma waɗannan waƙoƙi a wurin lacca ake rera su, a haddace, a kai su ƙauye da baki. Lasifikar hukuma ba ta da gurbinsu, kuma 'yan NEPU da dama sun sha ɗauri a kotunan En'e saboda abin da suka furta a bainar jama'a. Haka abin yake a Nijar, inda aka buɗe gidan rediyon ƙasa a 1958, aka kuma haramta jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari a 1959. Tun daga tushe ke nan an raba waƙa gida biyu: wadda ake ji a akwati, da wadda ake ji a dandali.

Kaduna da Yamai

A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Zalunci ne mutum ya yi waiwaye irin wannan bai yaba wa Rediyo Kaduna ba. Muryarsa ta kai Nijar da Kamaru da Cadi da zangunan Gana, ta haɗa Hausawan da iyakokin Turawa suka raba. Ta nan ne manomi a Gobir da ɗan kasuwa a Kumasi suka san Mamman Shata da Musa Ɗankwairo da Ɗan Anace da Haruna Uji da Barmani Coge. Ta nan aka ji Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa yana yi wa karen mota da leburori waƙa, mutanen da makaɗan fada ba su taɓa waiwaya ba. Shirin Zaɓi Sonka ya sa masu sauraro suna aika kati a gaishe da 'yan uwa a sa musu waƙar da suke so, har aka kafa ƙungiyoyin masu saurare gari-gari, mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka zama aminai ta hanyar jin sunayen juna. Wasan kwaikwayon Samanja na Usman Baba Pategi ya shiga kowane gida.

Duk da haka gidan na gwamnati ne. A Jamhuriya ta Farko 'yan adawa suna kallonsa a matsayin bakin jam'iyyar NPC mai mulki, bayan sojoji sun karɓi mulki kuma ya zama bakin wanda ke kan kujera. Talaka na iya aika gaisuwa, amma ba ya iya aika koke kan hakimi ko gwamna. Mai son jin abin da gwamnati ba ta so a faɗa sai ya murɗa zuwa gajeren zango ya kamo Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, ko Muryar Jamus, ko Muryar Amurka da ta fara Hausa a 1979. Abin takaici ne a ce labarin garinka sai ya je Landan ya dawo kafin ka ji gaskiyarsa.

Yadda masu mulki da 'yan hamayya suka ɗauki rediyo da girma ya fito fili a Kano ranar 10 ga Yuli, 1981. A rikicin da ya biyo bayan takardar tuhuma da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, gidan Rediyon Kano na cikin wuraren da aka cinna wa wuta, a ranar da aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dokta Bala Muhammad.

A Nijar an yi wani gwaji da ya cancanci a tuna. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda ake tara mutanen ƙauye su saurari shiri tare, su tattauna, a ɗauki muryarsu da rikoda a kai Yamai a watsa. Manomi ya fara jin muryar ɗan uwansa manomi na magana kan gyaɗa da rijiya da kiwo. Sai dai jam'iyya ɗaya ce ke mulki, ita ke zaɓen abin da za a tattauna. Bayan juyin mulkin Seyni Kunce a 1974 gidan rediyon ya koma Muryar Sahel, ya rungumi waƙoƙin samariya da na kishin ƙasa. An raya makaɗa, har aka kafa gasar Ɗan Gurmu a 1987 don ƙarfafa kiɗan zamani na gida, amma waƙar suka ba ta da ƙofa.

Kaset ya fasa shingen

Abin da ya fara raunana wannan babakere shi ne kaset. Daga shekarun 1970 zuwa 1980 rikoda ta yi arha, ta shiga shagon tela da teburin mai shayi da motar haya. Wanda gidan rediyo ya ƙi sa waƙarsa sai ya ɗauka a kaset, masu gurzawa su yaɗa ta kasuwa-kasuwa. Malamai masu wa'azi, sha'irai masu bege, mawaƙan jam'iyya, kowa ya sami hanyar kai wa ga jama'a ba tare da neman izinin darakta ba. A arewacin Nijar, lokacin tawayen Abzinawa na farkon shekarun 1990, kaset ɗin masu jita irin su Abdallah Umbadugu a ɓoye yake yawo, domin hukuma na ɗaukarsa a matsayin kiran tawaye. Sai bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Afrilun 1995 wannan kiɗa ya fito sarari.

A Kano kuma fim ɗin bidiyo, wanda ya faro da Turmin Danya a 1990, ya haifar da ƙananan situdiyo masu fiyano. Yaro mai murya, wanda ubansa ba makaɗi ba ne, ba shi da sarki ko attajirin da yake yi wa waƙa, yana iya shiga ɗaki guda ya fito da waƙa a yini ɗaya. Wannan sabon abu ne a ƙasar Hausa, inda kiɗa sana'ar gado ce kuma kusan kowane makaɗi na da ubangida. An sami mawaƙa masu cin gashin kansu tun kafin a sami tashar da za ta ɗauke su.

Nijar ta riga Najeriya

Taron ƙasa na Nijar, wanda aka yi daga Yuli zuwa Nuwamban 1991, shi ya buɗe ƙofa. A 1994 tashar R&M ta fara watsa shiri a Yamai a matsayin ta farko mai zaman kanta, Anfani ta Girema Bukar ta biyo baya a 1995, daga baya aka sami Tenere da Sarauniya da sauransu. Anfani ta kawo abin da ba a saba ji ba: muhawara da Hausa da Zabarmanci, ɗan adawa da ɗan gwamnati a teburi guda, labarin yajin aikin ma'aikata daga bakin masu yajin. Ta ɗanɗana kuɗarta. Lokacin zaɓen Yulin 1996 da Janar Ibrahim Ba'are Mainasara ya shirya, sojoji sun rufe ta, a Maris ɗin 1997 kuma wasu masu kaki suka shiga da dare suka farfasa kayan aikinta. Ta sake tashi, har ta buɗe rassa a Maraɗi da Damagaram da Difa.

Waɗannan tashoshi ne suka raini waƙar gambarar zamani ta matasan Nijar. Ƙungiyoyi irin su Ƙa'idan Gaskiya da Wass Wong da Lakal Kaney sun yi waƙa da Hausa da Zabarmanci da Faransanci kan cin hanci, zaman kashe wando, auren dole da cutar ƙanjamau. Ba su da kamfanin faifai, ba su da ubangida. Su kan kai kaset da hannunsu su ba mai gabatar da shirin matasa, idan jama'a suka so ta sai wasiƙu da waya su yi ta neman a maimaita. Tasha ta sami masu saurare da kuɗin talla, yara kuma suka sami suna. A nan ne aka fara ganin zubin da muka saba da shi yau, na haɗa sabuwar waƙa da muhawarar gari a zama ɗaya.

Mataki na gaba ya fi wannan zurfi. A 1999 aka buɗe tashar al'umma ta farko a Bankilare, cikin yankin Tilaberi, garin da muryar Yamai ba ta cika isa da kyau ba. Ƙaramar na'ura ce mai aiki da hasken rana, muryarta ba ta wuce garin da ƙauyukan kewaye, kuma mutanen wurin ne ke gudanar da ita da harsunansu. Da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da wasu ƙungiyoyi, irin wannan tasha ta yaɗu har ta haura ɗari a faɗin Nijar. Abin da ake ji a cikinta shi ne abin da ya dami gari: cigiyar raƙumi ko saniya, farashin gero a kasuwar mako, ranar allurar rigakafi, sasanta manomi da makiyayi kafin a saki gonaki, sanarwar suna da ɗaurin aure da rasuwa. Tsakanin waɗannan kuma sai mai gurmi ko mai goge na garin, ko matan da ke waƙar daka, waɗanda ba wani gidan rediyon birni da zai taɓa zuwa ɗaukar muryarsu. Daga 2016 Studio Kalangou da ke Yamai ya fara haɗa labarai da muhawara da harsunan ƙasa yana raba wa irin waɗannan tashoshi.

Kano ta buɗe baki

A Najeriya doka mai lamba 38 ta 1992, zamanin Janar Babangida, ita ta halatta tashoshi masu zaman kansu ta kuma kafa hukumar NBC mai kula da su. Raypower ta fara a Legas a 1994. Amma kuɗin lasisi ya yi tsada, amincewa kuma sai daga fadar shugaban ƙasa, don haka Arewa ta daɗe tana jira. Sai a ƙarshen 2003 Freedom Radio ta fara aiki a Kano. Ta zo a kan gaɓa, domin wayar salula ta shigo a 2001, mai sayar da kayan miya ma na iya bugowa kai tsaye. Shirye-shirye irin su Kowane Gauta da In Da Ranka suka zama abin da ake jira kowane dare, har mutane kan tara a majalisa da teburin mai shayi don saurare. Abin da aka faɗa da dare shi ake tattaunawa da safe a Kantin Kwari da Sabon Gari, kuma jami'in da aka ambaci ofishinsa ya san sai ya zo ya kare kansa. Bayanta tashoshi suka yi ta ɓullowa: Rahama, Dala, Express, Arewa, Vision da sauransu a Kano, Nagarta da Alheri da Liberty a Kaduna.

A takarda waɗannan tashoshin kasuwanci ne. A aikace su suka ɗauki nauyin da tashar al'umma ya kamata ta ɗauka: neman taimako ga maras lafiya, cigiyar yaro, koken 'yan fansho. Su ne kuma suka ɗaga mawaƙan situdiyo, na soyayya da na bege da na faɗakarwa da 'yan hip-hop, daga shagunan masu tura waƙa a waya zuwa kunnen miliyoyi.

Hukuma ba ta zuba ido ba. A Maris ɗin 2006, ana tsakiyar rigimar tazarcen Obasanjo, NBC ta ci tarar Freedom ta kuma dakatar da shirye-shiryenta na siyasa. A 2009 hukumar tace fina-finai ta Kano ta haramta wasu waƙoƙi, aka kama Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, kan waƙarsa Hasbunallahu. Haramcin bai hana ta yaɗuwa ba, domin ta riga ta shiga wayoyi, ana tura ta daga hannu zuwa hannu. A Nijar an tsare Musa Kaka na Rediyo Sarauniya daga Satumban 2007 zuwa Oktoban 2008 kan hulɗarsa da 'yan tawayen arewa a matsayin ɗan jarida, an kuma rufe Sahara FM ta Agadas a 2008.

Gaskiya kuma ita ce makirufo na iya cutarwa. A Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafin shan inna tara a Kano, kwanaki kaɗan bayan wani shiri a Wazobia FM ya soki yadda ake gudanar da rigakafin. An kama 'yan jarida, NBC ta dakatar da lasisin tashar. An yi ta jayayya kan ko hukuncin ya yi daidai, amma duk mai aikin rediyo ya fahimci cewa kalmar da ta fita ta iska ba ta dawowa, kuma a gari mai zaman ɗar-ɗar tana da nauyin rai.

Sabon ubangida

Barazanar da ta fi damuna a yau ta kuɗi ce. Tasha na buƙatar man janareta da albashi da kuɗin lasisi, talla kuma ba ta isa. Wanda ke da kuɗin sayen fili shi ne ɗan siyasa. Haka aka sami sojojin baka, mutanen da sana'arsu ita ce zagaya tashoshi suna yabon maigidansu suna yi wa abokin hamayyarsa habaici da zambo. Haka kuma waƙar siyasa ta zama babbar kasuwa, musamman tun zaɓen 2015 da ya fito da irin su Dauda Kahutu Rarara. Ba laifi ba ne mawaƙi ya bi jam'iyya, 'yan NEPU ma sun bi. Bambancin shi ne su sun shiga kurkuku saboda abin da suka yi imani da shi, yanzu kuwa waƙar na bin wanda ya fi biya, gobe ta juya idan ciniki ya juya. Matashin da ya yi waƙa kan tsadar taki ko satar mutane a hanyar ƙauyensu, ba shi da mai saya masa fili, sai ya tarar an cike awannin dare da waƙoƙin da aka biya. Ubangidan da situdiyo ya raba mawaƙi da shi ya dawo ta ƙofar ofishin talla.

Wannan ɓaraka ce ke ba masu mulki hujja. A 2025 gwamnatin Kano ta sanar da hana watsa shirye-shiryen siyasa kai tsaye, tana kafa dalili da cin mutuncin da ake yi a cikinsu. A Nijar kuma, bayan juyin mulkin Yulin 2023, an dakatar da rediyon Faransa RFI, daga baya BBC, abin da ya shafi ƙananan tashoshin da ke karɓar shirye-shiryensu. Zagi a rediyo abin ƙi ne, amma maganinsa shi ne editoci masu ƙwarewa da kotu mai adalci. Idan aka toshe layin don a hana sojan baka, tare da shi ake toshe matar da ke son faɗin cewa rufin makarantar 'ya'yanta ya yaye.

Abin da ya rage

Najeriya ba ta ba da lasisin tashoshin al'umma na haƙiƙa ba sai a 2015, lokacin da aka amince da guda 17 ga ƙasa baki ɗaya, shekara 16 bayan Bankilare. Akwai tashoshin jami'o'i, irin ta Jami'ar Bayero, amma galibin ƙananan hukumomin Arewa har yau ba su da tasha tasu. Mutumin Ɗansadau ko Birnin Gwari sai ya jira birni ya tuna da shi. A Nijar tashoshin suna nan, sai dai da yawa na rayuwa ne da ma'aikatan sa-kai da kuɗin sanarwa, batir ya mutu a yi makonni shiru, masu tallafi su tafi a rasa madafa.

Hanyar gyara a bayyane take. Hukumomi su sauƙaƙa lasisi ga ƙungiyoyin gari, na manoma da mata da matasa. Masu tashoshi su ware awanni da ba na sayarwa ba, na sababbin mawaƙa da koken jama'a, su kuma riƙa faɗa wa mai sauraro a fili idan fili saye aka yi. Gidajen rediyon Kaduna da Yamai su mayar da tsofaffin faya-fayensu zuwa na'urar zamani, domin a cikinsu akwai muryoyin da ba za a sake samun irinsu ba. Mu kuma masu saurare mu san cewa tashar da ba mu tallafa mata ba, wani zai saye ta. Mutanen gari da ke iya haɗa kuɗi su gina masallacin Juma'a da makarantar Islamiyya suna iya haɗa kuɗi su riƙe ƙaramar tasha. Waɗanda suka gabace mu sun sha ɗauri da asarar dukiya kafin talaka ya sami damar magana a rediyo. Hakki ne a kanmu mu kare wannan dama, mu kuma kai ta ƙauyukan da har yanzu ba ta isa ba.